Sadaukin Da Ba Ya Gurfana Gaban Alƙali: Me 'Ya'yanmu Ke Koya Daga Su Superman?

 

A makonnin baya wani magidanci ya tare mu a ƙofar masallaci bayan an idar da sallar Juma'a, yana riƙe da hannun ɗansa mai kimanin shekara bakwai. Yaron na sanye da farin yadi da hula, a ƙafarsa kuwa takalmi ne mai hoton Spider-Man. Tambayar uban gajeriya ce: "Malam, kallon waɗannan fina-finan halal ne ko haram?" Kalma ɗaya yake so ya tafi da ita gida. Muka nemi ya ba mu lokaci, domin malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, mu kuwa a lokacin daga nesa kawai muke hangen abin.

Da muka zauna bincike, sai muka tarar masana a jami'o'in Amurka da Turai sun shafe fiye da shekara sittin suna nazarin waɗannan sadaukai na almara, waɗanda Turawa ke kira sufahiro. Masana adabi da falsafa da halayyar ɗan Adam, har da malaman addinin Kirista, sun rubuta littattafai a kansu. Abin da muke ɗauka wasan yara ne, masu shi sun ɗauke shi madubin da al'ummarsu ke duba fuskarta. Ra'ayin da muka cimma bayan wannan karatu shi ne: tashin da Superman yake yi sama bai kai abin damuwa ba, domin yaro ba ya daɗewa yake gane cewa ƙage ne. Abin da ke zama a zuciya shi ne darasin da ake maimaitawa a kusan kowane labari, cewa adalci yana zuwa ne daga hannun wani ƙaƙƙarfa guda, wanda ya rufe fuskarsa, wanda babu alƙalin da zai iya kiransa. A kan wannan ya kamata gidajen Musulmi su yi magana.

Ruwa ba ya tsami banza

An haifi wannan nau'in labari a Amurka a shekarar 1938, lokacin da Superman ya fito a wata mujallar labarin zane mai suna Action Comics. Samari biyu ne suka ƙirƙiro shi a birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, dukansu 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Turai. Suka sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. Zamani ne na karayar tattalin arziki a Amurka, ga kuma Hitler yana ƙara ƙarfi a Jamus. Mutanen da suka ji ba su da mataimaki sai suka zana wa kansu mataimakin da harsashi ba ya huda shi. Batman ya biyo baya a 1939. A bangon fitowar farko ta Captain America, mai ɗauke da kwanan watan Maris na 1941, an zana shi yana naushin Hitler a muƙamuƙi, alhali Amurka ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba sai a watan Disamba na wannan shekarar. Tun daga tushe, ashe, waɗannan labarai suna tafe da siyasar ƙasarsu.

A yau harkar ta wuce mujalla. A 2009 kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan kusan dala biliyan 4. Fim ɗaya daga cikin nasu, Avengers: Endgame na 2019, ya tara kusan dala biliyan 2.8 a gidajen kallo na duniya. Ta tauraron ɗan Adam da wayar hannu da masu fassara fina-finai zuwa Hausa, labarin da aka zana don yaran Amurka ya iso tsakar gidajenmu, ya hau jakar makaranta da rigar barci.

Kafin mu ci gaba, akwai gargaɗi ga duk mai saurin yanke hukunci. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin New York, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora wa mujallun zane alhakin lalacewar tarbiyyar yara. Majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kan batun a wannan shekarar, kamfanonin kuma suka kafa wa kansu hukumar tace labarai don tsira da kasuwarsu. Bayan shekaru da dama aka buɗe takardun Wertham ga masu bincike, sai wata malamar jami'ar Illinois, Carol Tilley, ta nuna a 2012 cewa ya sauya maganganun yaran da ya yi hira da su, ya ƙara gishiri, don su dace da abin da yake son tabbatarwa. Mutumin yana da kishin yara, amma ƙarin gishirin ya zubar da hujjarsa, har ta kai duk mai sukar waɗannan labarai bayansa ana yi masa kallon wani Wertham. Mai wa'azi yana da darasi a nan. Idan muka hau mumbari muka faɗi abin da ba mu tabbatar ba, yaron da ya kalli fim ɗin sau biyar zai gane, kuma daga ranar ya daina yarda da sauran maganarmu.

Abin da masana suka hango

Daga cikin na farko da suka yi nazarin natsuwa akwai masanin nan ɗan Italiya, Umberto Eco, wanda ya rubuta maƙala a kan Superman a farkon shekarun 1960, aka fassara ta zuwa Turanci a 1972. Eco ya lura da wani abin mamaki. Ga halitta mai ƙarfin da zai iya sauya rayuwar duniya baki ɗaya, ya kawar da yunwa, ya karya azzaluman gwamnatoci, amma yana ƙarar da lokacinsa wajen kama ɓarayin banki a gari guda. A duniyar Superman, in ji Eco, sharri kusan ba ya wuce taɓa dukiyar mai dukiya, alheri kuma ba ya wuce kyauta da taimakon gaggawa. Ba a tambayar dalilin da ya sa talaka yake talaka. Ya kuma lura cewa lokaci ba ya tafiya a labaran: jarumin ba ya tsufa, abin da ya aikata jiya ba ya biyo shi yau.

A 2006 wani masani, Peter Coogan, ya taƙaita siffofin sufahiro a abu uku: manufar da yake yi wa aiki, ƙarfin da ya wuce na mutane, da suna da kayan da ke bambanta shi da mutumin da ke cikinsu. Na ukun ne ya fi jan hankalinmu. Wanda ya karya gini, ya daki wanda ake zargi har ya suma, sunansa Batman. Wanda za a iya aika wa sammaci sunansa Bruce Wayne, kuma hukuma ba ta san su mutum ɗaya ba ne.

Nazarin da ya fi amfanar da mu shi ne na mutum biyu, Robert Jewett, malamin littafin Linjila na Kiristoci, da John Shelton Lawrence, malamin falsafa. A littafinsu na 1977, da wanda suka faɗaɗa a 2002, sun nuna cewa akwai tsari guda da labaran jarumtar Amurka ke bi, tun daga fina-finan kaboyi. Al'umma tana zaune lafiya, sai sharri ya faɗo mata daga waje. 'Yan sanda da kotuna da shugabanni suka kasa. Sai wani baƙo marar son kai ya bayyana, ya murƙushe sharrin da ƙarfi, ya juya ya ɓace. Mutanen gari ba su yi komai ba face ihu da tafi. Masanan biyu sun ce wannan labarin mai ceto ne na addini aka cire masa addini, kuma yana koya wa jama'a raina hukumomin da suka kafa da hannunsu, su zauna jiran gwani. A 2003, shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi, suka fitar da wani littafin da ke danganta wannan tunani da yadda ƙasarsu ke kallon kanta a duniya: mai ceto wanda doka ba ta hawa kansa saboda niyyarsa kyakkyawa ce.

Ya halatta mu gwada wannan da namu. A labarin Bayajidda ma baƙo ne ya zo Daura, ya tarar macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu, ya kashe ta. Sai dai labarin bai ƙare da ɓacewarsa ba. An nemi wanda ya yi aikin, ya bayyana gaban sarauniya da shaidarsa, aka san shi, ya zauna cikin mutane ya yi iyali. Jarumin tatsuniyarmu yana da suna da gida da surukai.

A ɓangaren halayyar yara kuwa, wani bincike da Sarah Coyne ta jami'ar Brigham Young ta jagoranta, wanda aka buga a 2017, ya bibiyi yara 240 da ba su kai shiga firamare ba. An samu cewa waɗanda suka fi shaƙuwa da sufahiro sun fi nuna faɗa bayan shekara guda, kuma ba su fi sauran kare wanda ake zalunta ba. Bincike ɗaya ne, a kan yaran Amurka, don haka kada a ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Amma ya yi daidai da abin da duk uwa ta sani: ƙaramin yaro naushin yake gani, dalilin naushin yana wuce shi.

Daga Legas zuwa Sambisa

Wani zai ce wannan duk rigimar Amurkawa ce. Sai dai su da kansu sun kawo labarin ƙasarmu. Fim ɗin Captain America: Civil War na 2016 ya sa babban faɗansa na farko a Legas. Jaruman sun shigo farautar wani ɗan ta'adda, aka yi kuskure, bam ya tashi a jikin bene, bayin Allah suka mutu. Daga nan ƙasashe 117 suka amince da wata yarjejeniya da za ta sa jaruman ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya. Captain America ya ƙi sa hannu, saboda ya fi yarda da hukuncin zuciyarsa. Fim ɗin ya ba ɓangarorin biyu damar magana, wannan gaskiya ne, amma sunan wanda ya ƙi ne a kan fim ɗin, kuma labarin ya karkata ga nuna cewa zarginsa yana da tushe.

A Black Panther na 2018, an nuna dajin Sambisa da sunansa. Ayarin motoci na ɗauke da matan da aka sace, sarkin Wakanda ya diro daga jirgi cikin dare, cikin 'yan mintuna ya gama da 'yan bindigar, aka ce wa matan kada su faɗa wa kowa abin da suka gani. Duk wanda ya san sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014 ya san inda aka ɗauko hoton. Mu da muka san iyayen da suka tsufa a kan jira, da sojoji da mafarauta da 'yan sa-kan da suka rasa rayukansu a wannan yanki, mun san babu ɗayansu a wannan fage. Masifar da ta ci shekaru an mayar da ita share fagen fitowar jarumi.

Haka abokin gaba yake sauyawa da sauyawar yaƙin Amurka. A mujallar 1963, a Biyetnam aka kama Iron Man. A fim ɗin 2008 aka mayar da wurin Afganistan. Ma'aikatar tsaron Amurka ta taimaka wa wannan fim da sansani da jiragen yaƙi, rundunar sojin samanta kuma ta yi aiki da masu fim ɗin Captain Marvel na 2019. Marigayi Jack Shaheen, Ba'amurke ɗan asalin Lebanon, ya nazarci fina-finai sama da 900 a littafinsa na 2001, ya nuna yadda Hollywood ta daɗe tana maimaita Balarabe a matsayin mugu. Yaron da yake kallo ba tare da jagora ba yana iya wayar gari yana tafa wa wanda ke dukan mai kama da kawunsa.

Adalci ya wajabta mu faɗi alherin da ke ciki. Labarin Spider-Man na 1962 an gina shi a kan nadama: saurayi ya ga ɓarawo yana gudu ya ce ba ruwansa, daga baya ɓarawon nan ya kashe kawunsa da ya rene shi. Wannan darasi ne da za a iya karantar da shi a Islamiyya. A 1946 shirin rediyo na Superman ya fito fili ya yaƙi ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan. Wasu marubutan ma sun juya sun soki sana'ar tasu, kamar Alan Moore da Dave Gibbons a Watchmen na 1986 zuwa 1987, inda suka nuna irin ɓarnar da masu rufe fuska za su yi in da gaske suke.

Batun aƙida

A nan ne iyaye suka fi tsorata, kuma suna da hujja. Thor, wanda Marvel ta shigo da shi a 1962, abin bautar mutanen arewacin Turai ne kafin Kiristanci. A Black Panther, ƙarfin sarki yana da alaƙa da Bast, abar bautar tsohuwar Masar, kuma ana nuna shi yana ganawa da matattun kakanninsa. Kalmar allahntaka tana yawo a bakin 'yan wasa kamar sunan sarauta. Babba ya san almara ce. Ɗan shekara biyar da bai gama koyon Ƙulhuwallahu ba bai kamata a bar shi shi kaɗai da wannan ba. Masana sun kuma daɗe da lura da kamannin labarin Superman da ƙissar Annabi Musa, jaririn da iyaye suka sa a akwati don ya tsira. A fim ɗin Man of Steel na 2013 kuwa an karkata shi ga yadda Kiristoci ke siffanta Annabi Isa, har aka ba shi shekara 33, kuma masu tallar fim ɗin suka raba wa limaman coci takardun shirya huɗuba a kansa. Wanda ya ce babu addini a cikin waɗannan labarai bai saurari masu su ba.

Musulmi sun gwada shiga fagen. A 2006 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Kuwait, Naif Al-Mutawa, ya fito da The 99, jarumai daga ƙasashe daban-daban, kowannensu yana ɗauke da wata siffa da aka ciro daga ma'anar kyawawan sunayen Allah. Ya ɗora tushen labarin a kan rushewar Bagadaza a hannun Mongol a 1258, ya kuma tsara jaruman su riƙa aiki uku-uku don kada ɗaya ya isa shi kaɗai. A 2014 majalisar fatawa ta Saudiyya ta haramta shirin. Mu ma muna ganin jingina sunayen Allah ga zanen mutane ƙofa ce da barinta a rufe ya fi aminci, ko da niyyar mai ita kyakkyawa ce. Amma abin da ya biyo baya ya fi muni: wasu da suka ɓoye a bayan sunayen bogi a intanet suka yi kiran a kashe shi. Waɗannan, ko sun sani ko ba su sani ba, sun yi ainihin abin da muke suka, wato rufe fuska a zama mai ƙara da alƙali da hauni a lokaci guda.

A 2014 Marvel ta ba Kamala Khan mujallarta, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City. Daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta akwai Musulmi biyu, Sana Amanat da G. Willow Wilson, kuma an nuna ta tana zuwa masallaci tana shawara da limami. Ga yarinya Musulma a Amurka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Kamfani ne ke da ita, shi zai yanke abin da za ta zama gobe.

Ma'aunin da ke hannunmu

Musulunci bai ƙi ƙarfi ba, kuma tarihinmu cike yake da sadaukai. Abin da ya yi shi ne sanya wa ƙarfi linzami. A cikin Suratul Kahfi, Allah Ya ba Zulƙarnaini iko a bayan ƙasa. Da ya isa ga mutanen da Yajuju da Majuju suka addaba, suka yi masa tayin lada, bai karɓa ba, bai kuma ce su koma gefe su yi kallo ba. Ya nemi su taimaka masa da ƙarfinsu, su kawo guntayen ƙarfe, su hura wuta. Da aikin ya kammala ya jingina shi ga rahamar Ubangijinsa. Mutanen nan sun tashi da katanga, sun kuma tashi da sanin cewa hannuwansu ne suka ɗauko ƙarfen.

Khalid bin Walid shi ne wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa laƙabi da takobin Allah. Duk da haka Sayyidina Umar ya sauke shi daga jagorancin runduna, kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa ya bayyana wa garuruwa cewa ba don ha'inci ya sauke shi ba, sai don mutane sun fara fitinuwa da shi, yana so su san cewa nasara daga Allah take. Khalid ya miƙa wuya. Usama bin Zaid kuwa, wanda Annabi yake ƙauna, ya kashe wani a fagen yaƙi bayan ya furta kalmar shahada, bisa zaton tsoron takobi ne ya sa shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito irin tsananin faɗan da Annabi ya yi masa, har Usama ya yi fatan da a ranar ya musulunta. Kyakkyawar niyya ba ta wanke shi daga tambaya ba.

Ɗalibi zai iya cewa: ai an umarce mu da gusar da mummuna da hannu idan muna da iko. Haka ne. Wanda ya ga ana zaluntar wani a gabansa, ya iya hanawa, ya hana, kuma yana da lada. Amma malamai sun bambance hana ɓarnar da ke gudana da zartar da hukunci bayan ta wuce. Na biyun aikin shugaba ne da alƙali, bayan shaidu da jin ta bakin wanda ake tuhuma. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya sa sharaɗin cewa mummunan ya kasance yana faruwa a lokacin, kuma a bayyane ba tare da leƙen asirin mutane ba. A gwada wannan da fim ɗin The Dark Knight na 2008, inda Batman ya mayar da wayoyin mutanen gari duka kunnuwansa don ya kama mutum guda, a ƙarshe kuma shi da shugaban 'yan sanda suka shirya ɓoye wa jama'a gaskiya, wai don amfaninsu.

Ba mu ce fina-finai ne suka kawo mana ɗaukar doka a hannu ba. Wannan ciwo ya girme su, kuma tushensa rashin adalci ne da jinkirin shari'a. Amma mu da muka sha ganin an yi ihun ɓarawo an kashe mutum kafin a tambayi sunansa, mu ne mafi ƙarancin buƙatar labarin da zai ƙara wa matashi yaƙinin cewa fushinsa hujja ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu bangon kuwa a tsage yake.

Amsar da muka ba uban yaron

Da muka sake haɗuwa, muka ce masa ƙagaggen labari a kan kansa ba haram ba ne. Mu ma muna da su Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, iyayenmu sun karanta su a makaranta ba su bar salla ba. Hukuncin yana bin abin da ke cikin kowane fim, da shekarun mai kallo, da abin da kallon ya hana shi. Wanda ke ɗauke da tsiraici ko izgili ga addini, a kashe shi ba tare da jayayya ba. Akwai waɗanda masu su da kansu suka rubuta cewa na manya ne, kuma kayan jarumi ba sa mayar da su na yara. Ƙananan da ba su kai rarrabe ƙage da gaskiya ba a nisantar da su daga masu yawan duka da masu zancen alloli. Wanda ya fara hankali kuwa, hani kawai ba zai yi aiki ba, domin wayar abokinsa tana jiransa a waje.

Abin da ya fi shi ne uba ko uwa su zauna su kalli ko da guda tare da shi, sannan su yi masa tambaya. Wa ya ba wannan jarumi izinin hukunta mutane? In ya yi kuskure, wa zai kai shi ƙara? Mutanen da ke cikin benen da ya rushe, ina suka tafi? Mutanen gari me suke yi ban da gudu? Yaron da aka saba yi masa irin waɗannan tambayoyi zai riƙa yi wa kansa su ko ba ka nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan a ba shi ƙissar Zulƙarnaini da ta Khalid da daɗin baki irin na mai ba da labari. Yawancinmu muna karantar da sira kamar jerin shekarun da za a haddace don jarrabawa, sannan mu yi mamakin yadda yaro ya fi sanin tarihin Batman.

Ga ɗalibanmu na jami'a, musamman masu nazarin addinin Musulunci da Hausa da aikin jarida, ga fage a buɗe. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna da aikinsa a kan fina-finan Hausa da littattafan soyayya cewa abin da jama'a ke kallo da karantawa ya cancanci binciken ilimi. Muna buƙatar wanda zai zauna da yaranmu ya gano me suke fahimta daga waɗannan labarai, da me masu fassara ke ƙarawa ko ragewa idan sun juya su zuwa Hausa. Masu zane da marubuta kuma, in za su ƙirƙiro mana jarumi, kada su tsaya ga naɗa wa Superman rawani. Su ba mu wanda yake shawara, yake kuskure ya nemi gafara, yake amsa kiran alƙali, wanda in ya tafi mutanen gari za su iya tsare kansu.

Uban ya saurara, ya yi murmushi ya ce shi da ya zo neman kalma ɗaya an ba shi aikin gida. Muka ce masa haka tarbiyya take. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Allah ne Mafi sani.